Zuwa Makka a Ƙasa: Hanyar Kakanni da Halin da Take Ciki Yau

Lokaci zuwa lokaci akan ga wani matashi a Facebook ko TikTok, jaka a baya, tuta a hannu, yana cewa ya ɗaura niyyar zuwa Makka da ƙafa. Jama'a su yi ta sa masa albarka, wasu su haɗa masa guzuri, wasu samarin kuma su fara kwaɗayin bin sahunsa. Niyyar kyakkyawa ce, kuma tana da asali a tarihinmu. Sai dai hanyar da kakanninmu suka bi ba haka take ba a yau.

Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, yawancin alhazanmu ta ƙasa suke tafiya. Daga Kano a nufi Borno, a tsallaka Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, a bi ta Abeche a shiga Darfur ta Janaina, sai Alfashir, sai Al'ubayyid, har Omdurman. Daga nan a gangara bakin Bahar Maliya, a Sawakin ko Port Sudan, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta fiye da kilomita 3,000, kuma ba a yin ta da gaggawa. Ayari ake bi. In damina ta faɗi, a yada zango a yi noma. Wanzami ya yi aski, baduku ya yi ɗinki, malami ya buɗe makarantar allo, in guzuri ya taru a ƙara gaba. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban maniyyata sun yi ƙodago a can suna tara kuɗin jirgi. Shekaru ake ɗauka, shi ya sa mutum kan bar wasiyya ya nemi gafarar dangi kafin ya fita. Da yawa sun rasu a hanya, wasu kuma suka zauna a Sudan har suka yi jikoki. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka ci gaba da hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903.

Malamai ba su hana su ba, domin a mazhabar Malikiyya wanda zai iya tafiyar ƙasa, kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana lissafa shi cikin masu iko. Amma littattafan fiƙihun, irin su Mukhtasar, sun gindaya sharaɗi: a samu aminci a kan rai da dukiya, kuma kada wahalar ta wuce kima. Wannan sharaɗin shi ne ya faɗi a yau. Tun watan Afrilu na 2023 Sudan take cikin yaƙi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. An yi wa jama'a kisan gilla a Janaina, Alfashir kuma ta sha ƙawanya fiye da shekara guda. Kewayen tafkin Chadi ma bai rabu da 'yan bindiga ba.

Ko an tsira daga wannan, akwai maganar takardu. Kowace iyaka tana neman fasfo da shaidar rigakafi, Saudiyya kuma ba ta barin kowa ya yi aikin Hajji sai da bizarsa da izininsa. A 2025 ta sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama ba izini, a kuma hana baƙo shiga ƙasar shekara 10. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu, kuma hukumomin ƙasar sun ce kashi 83 cikin 100 nasu marasa izini ne, waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota.

Wahalar da kai da gangan ba ita ce ibada ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu suna tallafe da shi saboda ya yi bakancen tafiya a ƙasa, sai ya umarce shi ya hau abin hawa.

Mai son zuwa ya yi adashin gata ta hannun hukumar alhazai ta ƙasa, wato NAHCON, ko ta jiharsa. In Allah ya kira shi, zai samu tafiyar ƙasa daidai gwargwado: safa da marwa kaɗai kusan kilomita 3 ce, ga ɗawafi, ga zuwa jifa. Ya fara atisaye tun daga gida da takalmin da ƙafarsa ta saba da shi, ya riƙe lema da gorar ruwa, ya guji rana tsaka. Mu kuma, in wani yaro ya zo neman gudummawar tafiya Makka a ƙasa, mu tambaye shi bizarsa da hanyar da zai bi kafin mu sa hannu a aljihu.