Ƙugun Ƙarfe Ma Yakan Gaji

Uwargida, idan an yi wa mahaifiyarki ko ɗanki mai sikila aikin sauya ƙugu, kada ki ɗauka an gama ke nan har abada. Abin da likita ya dasa kayan ƙira ne: sandar ƙarfe a cikin ƙashin cinya, dunƙulen kai, da ƙoƙon roba mai tauri ko tangaran wanda kan yake juyawa a ciki. Binciken da aka buga a Ingila a 2019 ya nuna kusan 58 cikin 100 ne ke kaiwa shekara 25. Mai sikila kuwa yawanci da ƙuruciyarsa ake yi masa, don haka da wuya ƙugu ɗaya ya ishe shi.

A watannin farko gocewa ce abin tsoro. A gidajenmu na Mafara, Bakura da Maradun kusan komai a ƙasa ake yi: wanki a kujerar tsuguno, zaman tabarma, masan tsuguno, duƙawa wajen shanyar shinkafar Bakolori. Irin wannan lanƙwasawa ce ke fitar da kan daga ƙoƙonsa. Samo mata kujera mai tsayi, ta yi sallarta a zaune har likita ya yarje, kada kuma ta harɗe ƙafa. Ziyarar dubiya a bayan babur ma ta jira.

Bayan shekaru sai robar ta zaizaye. Ɓurɓushinta na sa ƙashin da ke kewaye ya cinye, sandar ta yi sako-sako, wani lokaci ba tare da ciwo ba tun farko. Shi ya sa ake komawa ɗaukar hoton ƙashi ko da lafiya lau ake ji. Sabon ciwo a matsematsi ko cinya, ƙara yayin tafiya, ƙafa ta gajarce, kumburi da zazzaɓi: duk na asibiti ne, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Mai ɗori ba shi da aiki a nan. Jan da zai yi na iya fasa ƙashin.

Sannan ki adana takardar sallama mai sunan ƙugun da lambarsa. A 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa na ASR daga kasuwa bayan an dasa wa mutum kusan 93,000, kusan 4,700 a Indiya, inda mutanenmu ke zuwa aiki. Da yawa an kasa gano su. In ba a ba ku takardar ba, ku tambaya.