Rigar nutso a ruwa mai ɗumi: kaurinta na iya zama ajalinka

Ranar da na fara bin masu farautar kifi da bindigar mashi a Bor Sudan, shekaru kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, da rigar gwanjo na je. Mai kaurin milimita 5 ce, irin ta masu nutso da tukunyar iska a baya. Na same ta da araha, ina ta murna. Kawuna, wanda ya tsufa a wannan sana'a a Bahar Maliya, ya ɗaga ta ya juya, ya ce, "Ɗana, wannan ai bargo ne." Ban ji ba.

Rigar nutso ana yin ta ne da wata roba mai suna niyofirin, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1930. Cikinta cike yake da ƙananan kumfan iska. Su ke tsare ɗumin jiki, su ne kuma ke sa mutum ya taso sama kamar gora. Saboda haka duk yadda riga ta ƙara kauri, sai ka ƙara darma a ɗamararka kafin ka iya nutsewa. Ni sai da na ɗaura kilo 6.

Ga inda gizo ke saƙar. A zurfin mita 10 matsin da ke kanka ya ninka na bakin ruwa sau biyu. Kumfan nan sai su matse, riga ta sirance, ƙarfin da take tura ka sama ya ragu. Darma kuwa tana nan da nauyinta. Na bi wani najil, kifin da kowa ke so a kasuwar garin, na harba, na juyo zan hau, sai na ji kamar an ɗaure mini dutse. Da kyar na iso sama idanuna na ganin duhu. Kawu ne ya riƙe haɓata sama da ruwa har na dawo hayyacina. Mai nutso da numfashi ɗaya, in iskar jikinsa ta ƙare, suma yake yi ba sallama, galibi dab da fitowa. In darmarsa ta yi yawa, ƙasa zai koma.

To me zai hana a shiga ba riga, tunda ruwan Bor Sudan kan kai digiri 30 da bazara, ba ya kuma sauka sosai ƙasa da 25 da hunturu? Ruwa na kwashe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. Mafarauci kan yi awa uku ko huɗu yana kwance a saman ruwa, ba ya motsi sosai. Sanyi na shigarsa a hankali, da zarar ya fara karkarwa kuma numfashinsa ya gajarta. Ga rana da ke gasa baya, ga murjani mai yanka fata kamar reza, ga wani irinsa da ke ƙuna kamar wuta.

Abin da na koya shi ne, in ruwa ya haura digiri 28, milimita 1.5 zuwa 2 ta wadatar. In ya sauko wajen 25, ko kuma kai siriri ne mai saurin jin sanyi, ka nemi milimita 3. Ni da na koma mai milimita 2, kilo 2 na darma ya ishe ni.

Ka nemi mai gida biyu: wando mai hawa har ciki, da taguwa mai haɗe da hula, ba zif. Zif ƙofar ruwa ce. Ka duba ƙirjinta, ya kasance da ɗan matashi mai tauri inda za ka dogara gindin bindiga lokacin ja robarta, in ba haka ba ƙirji zai gaya maka da dare. Akwai wadda cikinta roba ce zalla: ta fi ɗumi da laushi, amma sai da ruwan sabulu take shiga, farce ma na yaga ta. Mai shafin yadi ciki da waje ta fi jure duwatsu, ita nake ba sabon shiga shawara. Zanen ɓad-da-kama da 'yan kasuwa ke tsawwala wa kuɗi bai kai nutsuwarka a ruwa muhimmanci ba.

Wajen gwaji, ka ja numfashi har ƙarshe. In ta matse ƙirji ko wuya, ajiye ta. In ta yi aljihu a hammata ko baya, ruwa zai riƙa yawo a ciki, ita ma ba taka ba ce.

Duk ranar da ka sauya riga, sake auna darma. Ka tsaya a saman ruwa, ka saki numfashi, kada ka motsa ƙafa: in ka nutse, rage. Ɗamarar ta zama mai kwancewa da hannu ɗaya. Kada ka nutsa kai kaɗai. Ɗaya na ƙasa, ɗaya na sama yana kallonsa. Ka kuma tambayi inda aka halatta farauta, don wurare irin su Sanganeb, da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, keɓaɓɓu ne.

Bargon nan kuwa yana nan. Kawu ya yanka shi ya shimfiɗa a kan bencin kwale-kwale, can ne ya yi amfani.