Ina Kumbo Ke Samun Wuta Idan Babu Rana?

Tashar sola ta Malbaza, mai ƙarfin megawat 7 da aka buɗe a 2018, tana daina ba da wuta da zarar magariba ta yi. Masu harba kumbo ma da wannan matsalar suke fama. Tashar sararin samaniya ta ISS tana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, kuma a yawancin zagayenta sai ta shiga inuwar duniya ta kimanin rabin awa. A lokacin batura ne ke riƙe ta, kamar mai farantin sola a Tsarnawa da dare.

Kumbon da ya yi nisa da rana kuwa batir ba ya fisshe shi, don babu hasken da zai sake cika shi. Voyager 1, da Amurka ta harba a 1977, fulutoniyam-238 yake ɗauke da shi, sinadarin da asalinsa daga yuraniyam ne, irin na Arlit. Da kansa yake fitar da zafi, sai wasu ƙananan na'urori su mayar da bambancin zafin da sanyin sarari lantarki. Abin burgewa, babu wani abu mai juyawa a ciki balle ya cinye. Kumbon ya tashi da kimanin wat 470, yana rasa kusan 4 duk shekara, shi ya sa NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ke kashe na'urorinsa ɗaya bayan ɗaya.