Nausicaa: Gimbiyar da ta ji tsoron fushin kanta

Wannan karon Japan muka leƙa. A fim ɗin katun na Hayao Miyazaki, "Nausicaa of the Valley of the Wind" (1984), shekara 1,000 ke nan da yaƙi ya ƙone duniya, daji mai guba kuma yana cinye sauran ƙasar.

Sojojin Tolmekia suka kashe mahaifin Nausicaa. Nan take yarinya ta afka musu, ta kashe wasu. Amma fa maimakon ta ji sanyi, sai tsoron kanta ya kama ta. Daga nan ta girma. Ita ce ta gano dajin nan wanke ƙasa yake yi. A ƙarshe ta tari garken manyan ƙwari hannu rabbana, don ceton garinsu.

Anya cikinmu wa zai iya haɗiye ramuwar gayya haka?