Kada Ki Yi Saurin Sayar da Motar Marayu

'Yan'uwana mata, sau da yawa maigida kan rasu ya bar tsohuwar akori-kura, irin masu jigilar dawa da gyaɗa daga Kibiya zuwa kasuwar Rano. Kafin a gama takaba, wata 4 da kwana 10, mota ta ƙi tashi. Sai dillalai su ce inji ya mutu, su saye ta da araha.

Uwargida, dakata tukuna. Ki sa a fara duba batir, domin cajinsa na zurarewa ko ba a aiki. In farin gari ya taru a kawunansa, a cire wayoyin, a wanke da ruwan kanwa. A duba ko ɓeraye sun cinye waya, ko zanzaro ya toshe salansa. Raɓa kan taru cikin tanki, saboda haka a juye tsohon mai, a sake matata. In mai shan gas ce, bakanike ya fitar da iskar da ta shiga bututun mai. A auna baƙin mai da ruwan lagireto kafin a murza makulli, kuma kada murzawar ta wuce daƙiƙa 10.

'Yan makaranta, ku karanta wa iyayenku. Dukiyar maraya amana ce.