Saitin asali na manhaja

Saitin asali shi ne zaɓin da masu haɗa manhaja suke sanyawa a cikinta tun kafin a rarraba ta, domin ta fara aiki da zarar an ɗora ta a waya ko kwamfuta, ko da mai amfani bai zaɓi komai ba. Yakan ƙunshi harshe, gari, tsarin kwanan wata da adireshin sabar da manhajar za ta tuntuɓa.

Yadda yake aiki

A wayoyin Android, manhaja tana zuwa ne a dunƙule cikin fayil ɗin APK, wanda aka gina bisa tsarin ZIP. Ana ajiye kalmomin asali a folda mai suna res/values, fassarar Hausa kuma a values-ha. Idan an saita waya da Hausa amma manhajar ba ta da fassarar, sai ta koma ga kalmomin asali, waɗanda galibi na Turanci ne.

Canjin da mai waya ya yi ba ya shiga cikin APK, a ma'adanar wayar ake ajiye shi daban. Shi ya sa idan aka tura wa wani manhaja ta Xender ko Bluetooth, saitin asali ne zai je masa, ba na wanda ya tura ba.

Misali a Sakkwato

Manhajar lokutan sallah tana lissafi ne da wurin da aka ba ta. Birnin Sakkwato yana kusan digiri 5.2 gabas da layin Greenwich, Kano kuwa kusan digiri 8.5, kuma kowane digiri yana daidai da minti 4. Saboda haka manhajar da ta zo da Kano a matsayin gari za ta kira Magariba kimanin minti 13 kafin rana ta faɗi a Sakkwato, abin da zai iya shafar mai azumi. Haka nan lokacin La'asar a lissafin Hanafiyya ya fi jinkiri a kan na Malikiyya da ake bi a yankin.

Manhajoji da yawa suna zuwa da kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, alhali a Najeriya Sarkin Musulmi, Muhammadu Sa'ad Abubakar, shi ke sanar da ganin wata. Wani lokaci akan samu bambancin kwana ɗaya tsakaninsu.

Tsaro

Kowa zai iya buɗe fayil ɗin APK ya duba abin da ke ciki, don haka ba a son a ƙunsa kalmar sirri a cikinsa. A shekarar 2016, muguwar manhajar nan Mirai ta kutsa cikin ɗimbin kyamarori da na'urorin intanet ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani, waɗanda masu su ba su canza ba.