Amsar Wasiƙunku: An Sa Sabon Batir, Mota Ta Koma Kamar Amalanke

 Wasiƙar da muka ɗauko wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kaduna. Ya ce yana da mota ƙirar Porsche 911 Carrera S ta shekarar 2006 wadda ya saya ta hannu. Batirinta ya mutu, ɗan rewaya ya sa masa sabo. Ana tayar da ita sai ga gargaɗin PASM a allon gaban direba, ga kuma fitilar PSM a kunne. Motar ta yi tauri, ɗan ramin da ya taka duk sai ya ji shi a ƙashin bayansa. Makanikinsa ya ce shakazoba huɗun ne suka tafi, a yi odar sababbi daga waje. Shi ne yake tambaya, ya saya ko kuwa?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Amsa a taƙaice ita ce kada ka saya tukuna. Shakazoba ba ta mutuwa huɗu rana ɗaya. Wadda ta gaji a hankali take nunawa, ta yi yoyon mai, ta riƙa ƙwanƙwasa a kan gargada, kuma galibi ɗaya ce ko biyu ke fara lalacewa. Abin da zai taɓa ƙafa huɗu a lokaci guda, a ranar da aka taɓa batir, wuta ce ko kwamfuta.

Bari mu yi bayanin yadda abin yake. Motarka tana cikin jerin da kamfanin Porsche na birnin Stuttgart a Jamus ya kira 997, wanda aka ƙera daga 2004 zuwa 2012. A Carrera S, tsarin PASM tare da motar yake zuwa. Shakazobar mota ta yau da kullum taurinta ɗaya ne kullum, mai ne ke bi ta wasu ƙananan ƙofofi a cikinta. Ta PASM kuwa tana da wani bawul da wutar lantarki ke buɗewa da tsukewa. In ya buɗe mai ya wuce da sauƙi, mota ta yi laushi. In ya tsuke ta yi tauri. Mai ba da umarnin wata 'yar kwamfuta ce, irin wadda makanikai ke ce wa birenbos. Ita kuma ba ta yanke hukunci sai ta ji labari: gudun mota nawa ne, ina aka juya sitiyari, da wane ƙarfi aka taka birki, yaya jikin motar ke girgiza.

To ga inda gizo ke saƙar. Injiniyoyin sun tsara cewa in kwamfutar ta rasa wani labari daga cikin waɗannan, ko wuta ta yanke mata, bawul ɗin ya rufe da kansa, motar ta tsaya a kan tauri. Dalilinsu shi ne mota mai gudu irin wannan gara ta yi tauri ta riƙe hanya da ta yi laushi tana tangaɗi a kwana. Ka ga ke nan taurin da kake ji ba shaidar lalacewa ba ne. Motar ce ta ce, tun da ban san abin da ke faruwa ba, bari in tsaya inda ba za a yi hatsari ba.

Wane labari ne ya ɓace? Mafi yawanci na sitiyari ne. Akwai na'ura a jikin sandar sitiyari mai auna yawan juyin da aka yi. In an cire batir sai ta zama kamar ɗalibin da aka goge masa allo kafin ya kwafa, ba ta san ina ne miƙe ba. PSM, wato tsarin da ke hana mota zamewa, da wannan na'ura ya dogara, haka ma PASM. Shi ya sa ka ga su biyun sun yi kuka tare. Maganin kuma ba ya cin ko sisi. Ka tayar da mota, ka juya sitiyari hagu da dama, sannan ka tuƙa ta a miƙe na ɗan gajeren zango a kan hanya mai kyau. Sau da yawa kafin ka je ƙarshen layi fitilar ta mutu. Ka kashe motar, ka sake tayarwa, ka gani. Af, in ka lura gilashin ƙofa ya daina hawa da kansa da taɓawa ɗaya, ciwon ɗaya ne: ka ɗaga shi har sama, ka sake jan maɓallin ka riƙe na ɗan lokaci.

In gargaɗin ya ƙi tafiya, sai a koma kan batirin kansa. Sabo ne, na ji, amma sabon batir da ya daɗe a kanti cikin zafi ba lallai ne ya zo da cikakken caji ba. A sa mita a auna. Mota a kashe, cikakken batir yana nuna volt 12.6 ko kusa da haka. In ka ga 12.2, rabin caji gare shi. Inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, in ba haka ba altaneta ce abar tuhuma. Lokacin tayarwa kuma kada ya faɗi ƙasa da wajen volt 10, domin a wannan faɗuwar ce kwamfutocin mota ke rikicewa su rubuta laifin da babu shi. A kama kan batir ɗin da hannu a girgiza. In ya motsa, ba a ɗaure ba. A bi wayar da ta haɗa batir da jikin mota, a tabbata babu tsatsa ko sako-sako.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ka yi wa ɗan rewayan, cikin lalama, ba da faɗa ba, don ya gaya maka gaskiya. Yaya ya yi aikin? Batirin 911 a gaba yake, kuma murfin wurin da wuta yake buɗewa. In batir ya mutu sarai, sai an jona wani batir a wani jan kai da ke cikin akwatin fiyus, wajen ƙafar direba, kafin murfin ya buɗe. A nan ko wajen jona batir, in aka juya waya ko da na ƙiftawar ido ne, fiyus na iya ƙonewa. Sannan akwai al'adar nan ta cire kan batir inji na aiki, wai a gwada altaneta, ko a tayar da mota da batirin aro a zare shi a mai da nata. A tsohuwar Peugeot 504 an sha yi an kwana lafiya. A motar da ke cike da kwamfutoci kuwa, wutar da altaneta ke watsowa a wannan lokaci tana iya ƙona birenbos. In an yi ɗaya daga cikin biyun nan, a duba fiyus na PASM da taimakon taswirar fiyus ta motar, kuma a mayar da mai lamba irin tasa, ba a naɗa waya ba.

Bayan wannan sai na'urar bincike. Ƙaramar nan mai araha da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari galibi laifin inji kaɗai take karantawa. Ana bukatar wadda ke iya magana da kwamfutar PASM, kamar PIWIS ta kamfanin ko wata mai irin aikinta. A rubuta laifuffukan da ta nuna a takarda, a goge su, a zagaya da motar, a sake karantawa. Wanda ya dawo shi ne na gaske. In ya nuna ƙafa ɗaya, a fara bin wayar wannan shakazobar da soket ɗinta, don waya ta fi saurin tsinkewa. Sai an ga waya lafiya, ko an ga mai na yoyo, sannan a yi maganar saye.

Ga sauran masu saurare, kada a ɗauki wannan a shafa wa kowace mota. Masu Chevrolet Corvette daga 2003 ko Audi R8 da ke da shakazoba mai maganaɗisu, nasu man yana da garin ƙarfe a ciki, wuta ce ke sa shi kauri. In wuta ta yanke laushi motar ke yi, ba tauri ba. BMW da yawa kuma sai an shaida wa kwamfutarsu da na'ura cewa an sa sabon batir, in ba haka ba ta ci gaba da yi masa caji irin na tsohon.

Kafin a gano matsalar, Malam, motarka za ta iya kai ka wurin gyara, amma a hankali, musamman in fitilar PSM tana kunne, domin a lokacin babu mai tare maka ita in ta zame. In na'urar ta nuna wasu lambobi, ka aiko mana da su a wasiƙa ta gaba mu duba tare.